A Ajiye Rezar Nan: Kan Masu Kankare Tsofaffin Mujallun Zane Don Neman Shuɗin Tambari

A watan Afrilun 2024, kamfanin gwanjo na Heritage da ke birnin Dallas a Amurka ya sayar da kwafi ɗaya na Action Comics lamba 1 a kan dala miliyan 6. Mujallar zane ce da aka buga a 1938 a kan takarda mai arha irin ta jarida, aka sayar wa yara a kan santi 10, kuma a cikinta ne Superman, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka ƙirƙira, ya fara bayyana. Mai sayen bai buɗe ta ya karanta ba kafin ya biya, domin a rufe take cikin kwanson roba mai haske. Abin da ya dogara a kai ɗan tambari ne da ke saman kwanson, mai ɗauke da maki 8.5 da shaidar cewa babu wanda ya taɓa yi wa mujallar kwaskwarima.

Wannan shaida ita ce ta haifar da wata sana'a mai ban takaici. Akwai tsofaffin mujallu da yawa waɗanda wani ya taɓa gyarawa shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce: ya ɗiga tawada inda launi ya koɗe, ya liƙe yagewa da gam, ya cike gefen da ya gutsure da faci. Yau masu su na tambaya ko su cire gyaran kafin su aika a ba su maki. Amsar da ta dace, a mafi yawan lokuta, ita ce a'a. Duk cirewar da za ta tafi da wani yanki na asalin takarda ɓarna ce, ko da kasuwa ta saka wa mai yin ta da kuɗi.

Yadda launi ya zama hukunci

Kafin shekarar 2000, mai saye da mai sayarwa su ke jayayya a kan halin da mujalla take ciki, da kundin farashi na Overstreet, wanda aka fara bugawa a 1970, a hannunsu. A lokacin gyara ba abin kunya ba ne. A shekarun 1980 da 1990 akwai ƙwararrun da suka yi suna a kansa, mutane na kai musu mujallu masu tsada suna biya da murna, kamar yadda ake kai tsohon zane wurin masanin gidan tarihi. Sai dai akwai ha'inci a gefe. Wasu dillalai na sayar da gyararren kwafi a matsayin wanda ba a taɓa ba, mai saye kuwa ba shi da idon da zai gane.

A shekarar 2000 kamfanin CGC ya fara aiki, mazauninsa a yau yana Sarasota a jihar Florida. Aikinsa shi ne ya duba mujalla, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, ya binciki ko an yi mata gyara, sannan ya rufe ta. Wadda ba a gyara ba ta sami shuɗin tambari. Wadda aka gyara ta sami tambari mai launin shunayya, tare da bayanin abin da aka yi mata. Manufar tana da kyau, kuma ta rage ha'inci ƙwarai. Amma kasuwa ba ta tsaya karanta bayanin ba, launin kawai ta gani. Masu tara mujallu suka laƙaba wa shunayyar sunan tambarin mutuwa, farashin gyararrun kwafi ya faɗi warwas, sau da yawa zuwa wani ɗan kaso na kuɗin takwarorinsu masu shuɗi. Ɗigon tawada guda da aikin da ya sake rabin bango suka shiga jaka ɗaya.

Daga nan lissafin ya fito fili. A ɗauki misali da kwafin Amazing Fantasy lamba 15 na 1962, inda Spider-Man ya fara fitowa, wanda wani ya ɗiga wa baƙar tawada a wurare uku a ƙashin bayansa. Da tawadar, yana iya samun maki 6.0 da shunayya. Idan aka kankare wuraren uku, makin na iya sauka zuwa 4.5, amma da shuɗi. Kwafin ya ƙara muni, ya rasa takarda, kuɗinsa kuwa na iya ƙaruwa. Duk tsarin da ke biyan mutum lada don ya rage wa abu lafiya, da matsala a gindinsa, kuma mai hankali bai kamata ya miƙa masa wuya ba tare da tambaya ba.

Abin da reza ke yi wa takarda

Kalmar cirewa tana yaudara. Tana sa mutum ya zaci gyara kamar riga yake, a tuɓe a ajiye, jiki ya koma yadda yake. Takardar waɗannan mujallu ba haka take ba. An yi takardar cikinsu da niƙaƙƙen itace wanda ba a tsarkake shi daga sinadarin lignin ba, shi ya sa take yin rawaya, ta yi asid, ta bushe har ta riƙa karyewa. Bangon ya ɗan fi santsi, amma shi ma siriri ne, kuma zarensa na shan duk abin da ya taɓa shi.

Gyaran launi shi ne aka fi yawan cirewa, kuma shi ne ya fi nuna ɓarnar. Fentin da ya zauna a saman takarda, irin wanda ƙwararru ke amfani da shi, wani lokaci ana iya ɗaga shi. Amma yawancin gyaran 'yan koyo da alƙalamin maka aka yi shi, tawadarsa kuwa tana ratsa zare har ta ɓullo ta bayan bango. Babu sinadarin da zai fitar da ita ya bar asalin launin bugu lafiya. Hanya ɗaya ta rage, a sa tsinin reza a kankare zaren da ya sha tawadar, ko a yanke wurin ɗungurungum. Abin da ke saura shi ne farin tabo, ko siririn wuri da haske ke ratsawa, ko rami. Wanda ya taɓa ganin irin wannan kwafi ya san alamarsa: ƙashin baya mai jerin ƙananan gutsure, kamar ɓera ya bi shi da haƙori.

Gam ma haka. Farin gam na gida idan ya bushe ya kama zare, ba ya saki sai da rabonsa na takarda. Facin da aka cike gurbi da shi, idan aka ɓamɓare, gurbin na dawowa, sau da yawa ya fi da faɗi, domin an liƙa facin ne a kan lafiyayyen gefe. Yagewar da aka liƙe, idan aka buɗe ta, ta koma yagewa mai iya ci gaba duk lokacin da aka juya shafi. Wasu gyare-gyaren kuwa ba su ciruwa sam. Bangon da aka wanke da ruwa ko sinadari ya wanku ke nan har abada. Gefen da aka datse da wuƙa don ya miƙe ba ya tsirowa. Shi ya sa wasu ke kankare launi, su biya kuɗin aiki da na sabon maki, kwafin ya dawo da shunayyarsa saboda wani gyaran da ba su lura da shi ba. An sayar da biri an sayi kare, an kuma yi asarar takarda a tsakani.

Hujjar asali

Masu goyon bayan cirewa suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Ta farko ita ce ta asali. Suna cewa tawadar da wani ya ɗiga a 1978 baƙuwa ce a jikin mujallar 1940, cire ta kuwa mayar da mujallar ne ga gaskiyarta.

Wace gaskiyar? Kwafin da ya fito daga maɗaba'a ba shi da rami a ƙashin baya. Kwafin da yaro ya karanta har launinsa ya koɗe yana da koɗewa, amma zarensa na nan cif. Kwafin da aka kankare bai yi kama da ko ɗaya cikin biyun ba. Hali ne na uku, wanda bai taɓa kasancewa ba sai ranar da reza ta sauka. Mai gyara ya ƙara abin da ba na asali ba, mai cirewa ya rage abin da yake na asali. Na farko ana iya ganinsa, a bayyana shi, a wasu lokuta a warware shi. Na biyu ba shi da magani.

Wannan muhawara ta girmi mujallun zane. A Ingila ta ƙarni na 19, magina sun riƙa kankare shafen tsofaffin majami'u don su mayar da su ga wani asali da suke hasashe. A 1877 William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, wadda aka yi wa laƙabi da masu ƙin kankara, domin matsayinta shi ne a tallafi gini, a hana shi rushewa, a bar shekarunsa a jikinsa. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana kayan tarihi ta ƙarfafa wannan ra'ayi, inda ta nemi a mutunta gudummawar da kowane zamani ya bayar ga abin tarihi. Ƙa'idar masu adana takardu a manyan ɗakunan karatu ita ma a bayyane take: a taɓa abu gwargwadon larura, a yi abin da za a iya warwarewa, a rubuta duk abin da aka yi. Kankarewa don neman tambari ta saɓa wa ukun gaba ɗaya.

Kasuwar ma ba ta tsaya kan magana ɗaya ba game da asali. Tana biyan ƙarin kuɗi a kan kwafin da aka san tarihinsa. Tarin Edgar Church na birnin Denver, wanda Chuck Rozanski ya saya a 1977, ana gane kwafinsa da yawa ta alamomin fensir da ke bangonsu. Kwafin tarin Lamont Larson na jihar Nebraska da dama suna ɗauke da sunansa a rubuce a bango, masu saye kuwa na alfahari da rubutun. Yaron da ya zana gashin baki a fuskar Batman ya rage wa kwafi maki, amma bai canja masa launin tambari ba. Wannan alƙalamin dai, idan aka cike farin layin lanƙwasa da shi, ya jawo shunayya. Bambancin yana cikin niyya: ɗaya wasa ne, ɗaya ƙoƙarin gyara kama. To, idan niyya ce ma'auni, ramin da aka haƙa da gangan don a ɗaga farashi ya fi kowane ɗigon tawada cancantar a rubuta shi a tambari. Ba a rubuta shi. Ana lissafa shi kamar gutsuren da tsufa ya kawo.

Hujjar mallaka

Hujja ta biyu ta fi sauƙi: kayana ne, in ga dama in ƙone. Ta fuskar doka haka ne. Amma doka ba ta ƙare zancen ba, domin waɗannan mujallu ba su da yawa, kuma ba a sake yin su. An buga kusan kwafi 200,000 na Action Comics lamba 1, ana ƙiyasta cewa kimanin 100 ne suka rage. Sauran sun tafi a kwandon shara, da gangamin tara takarda na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mujallun zamanin sun kuma sha wuta a hannun iyaye da malamai a wasu garuruwan Amurka a 1948, lokacin da ake zarginsu da ɓata tarbiyya, zargin da ya kai ga zaman sauraron bahasi a majalisar dattawa a 1954. Kwafin da ya tsallake duk wannan ya kai shekara tamanin, bai kamata ajalin gefensa ya zo a hannun wanda ya fi kowa sanin darajarsa ba.

Mai irin wannan kwafi zai riƙe shi shekara goma ko ashirin, ya wuce hannun wani. Ribar kankarewa mutum ɗaya ke cin ta, sau ɗaya. Ramin kuwa duk wanda zai mallaki kwafin bayansa zai gaje shi.

Hujjar gaskiya

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi. Masu cirewa na cewa ba su yaudari kowa ba: kwafin ya je gaban masu tantancewa, sun ga ramukan, sun rage maki, mai saye ya sayi abin da ya gani.

Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Tambarin na bayyana halin da kwafi yake ciki a ranar da aka duba shi, ba ya ba da labarin abin da ya faru kafin ranar. Mai biyan kuɗin shuɗi kuwa, abin da yake zaton yana saye shi ne kwafin da hannu bai taɓa ba. Wanda aka kankare hannu ya taɓa shi sau biyu, na gyara da na cirewa. Gwajin mai sauƙi ne. Da mai sayarwa zai rubuta a tallarsa cewa wannan kwafi yana da shunayya a bara, an kankare wurare uku ya koma shuɗi, farashin zai tsaya inda yake? Idan zai tsaya, to a rubuta, babu asara. Idan zai faɗi, to wani ɓangare na ribar daga shirun ake samunsa. Tambarin da aka ƙirƙira don a tona gyaran da ake ɓoyewa ya zama dalilin ɓoye wani aikin da ya fi gyaran illa.

Akwai kuma abin lura game da tsarin kasuwar. A 2012 uwar kamfanin CGC ta sayi Classics Incorporated, kamfanin gyara na Matt Nelson, aka mayar da shi sashen da aka sani da CCS, mai yin guga da gyara da kuma cire gyara. Ke nan gida ɗaya ne ke ba da tambari, yake kuma sayar da aikin da ke canja launinsa. Wannan ba zargin rashin gaskiya ba ne, kuma ƙwararrun wurin sukan duba kwafi su ce wannan ba ya ciruwa lafiya. Amma mai mujalla ya kamata ya tuna cewa a kowane zagaye na buɗe kwanso, cirewa da sake ba da maki, akwai kuɗin aiki da ake biya ko an ci riba ko ba a ci ba. Kasadar a kansa take, shi da takardar.

Inda cirewa ta halatta

Ba kowane tsohon gyara ne ya cancanci a bar shi ba. Salatif na gida maƙiyin takarda ne: gam ɗinsa na tsufa, ya yi ruwan ƙasa, ya ratsa zare ya bar tabo mai kama da na mai. Gam ɗin roba ma haka yake yi. Wayar ɗinki da ta yi tsatsa tana cin takardar da ke kewaye da ita har bango ya rabu. Irin waɗannan, barinsu ne ɓarna, kuma cire su a hannun ƙwararre ceto ne. Haka nan aikin da aka yi da siririyar takardar Japan da sitacin alkama, an tsara shi ne tun farko don a iya jiƙa shi a ɗaga ba tare da zare ya biyo ba, ko da yake wanda ya ɗaga shi ya kamata ya tambayi kansa me zai riƙe yagewar bayan nan.

Ma'aunin guda ne, kuma kowa na iya amfani da shi: da babu tambari a duniya, za a yi wannan aikin? Salatif mai cin bango, za a cire shi ko babu CGC. Wayar da ta yi tsatsa, za a magance ta. Amma babu mai hankalin da zai ɗauki reza ya haƙa rami a bangon mujallar da yake ƙauna, don kawai wani ya ɗiga baƙar tawada a kan baƙin wuri shekara arba'in da suka wuce. Aikin da lafiyar takarda ta nema a yi shi. Wanda launin tambari kaɗai ya nema a bar shi.

Shi kansa CGC ya nuna ya san launi ɗaya ba ya ɗaukar kowane irin aiki. A 2014 ya sake tsarin bayanin gyara, ya raba ingancinsa zuwa A da B da C, yawansa kuma daga 1 zuwa 5, ya kuma ware wani rukuni dabam na kwafin da aka yi wa aikin adanawa, wato liƙe yagewa da ƙarfafa ƙashin baya da kayan da ba su cutar da takarda. Ga mujallun da suka girmi 1950, yana iya barin ɗan ƙanƙanin gam ko launi a ƙarƙashin shuɗin tambari tare da rubuta bayani. Haka kuma guga, wadda ke canja kamannin kwafi da zafi da danshi, ba ya ɗaukarta a matsayin gyara. Duk wannan na nuna cewa iyakar da ke tsakanin shuɗi da shunayya mutane ne suka shata ta, sun taɓa matsar da ita, kuma suna iya sake matsarwa. Wanda ya kankare kwafinsa don ya dace da dokar bana ya yi aikin da ba ya komawa saboda ƙa'idar da ke iya canjawa baɗi.

Abin da ya rage a yi

Gyaran wannan hali yana hannun ɓangarori uku. Kamfanonin tantancewa, CGC da CBCS wanda aka kafa a 2014, suna da ƙwarewar gane wurin da aka kankare, kuma inda su da kansu suka yi aikin ba su buƙatar bincike. Layi ɗaya a tambari mai cewa an cire gyara zai kashe rabin kwaɗayin, domin ribar da ke zuwa daga shiru za ta tafi. Gidajen gwanjo da dillalai, waɗanda sau da yawa suna da hoton kwafi a tsohon kwansonsa, za su iya faɗin tarihin a tallarsu. Masu saye kuma su koyi karanta tambari gaba ɗaya. Kwafi mai A-1, wato ɗan gyara kaɗan na ƙwararre, ya fi kwafi mai shuɗi da ƙashin baya kamar zarto lafiya da kyan gani, kuma a yau sau da yawa shi ne mai arha. Idan masu saye suka fara biyan kuɗi gwargwadon yawan asalin takardar da ta rage, reza za ta rasa aiki.

Kafin wannan rana, mai tsohon kwafin da ya haska shi ya ga ɗigon baƙuwar tawada yana da zaɓi mai sauƙi. Ya kai shi wurin masanin adana takarda, ya yi tambaya ɗaya: akwai abin da ke cutar da shi? Idan akwai, a cire, a rubuta abin da aka yi, a ajiye rubutun tare da kwafin. Idan babu, ya aika shi yadda yake, ya karɓi shunayyarsa, ya sayar ko ya ajiye da cikakken bayani. Zai yiwu ya sami kuɗi ƙasa da na maƙwabcinsa mai reza. Amma kwafinsa zai isa hannun mai shi na gaba da duk takardar da ya zo da ita daga maɗaba'a.